A-kori-kura da Hunturu: Buhun Yashi a Bayan Mota

 Na san wasunku na can a bakin murhu, rediyo a gefe, an lulluɓe har kunne. Wasu kuwa, su ne na fi nufi da shirin yau, suna tsaye a tasha sun buɗe bonet, suna hura hannu, suna jiran wanda zai taya su turi.

Yau a gabashin Sakkwato za mu yini: Wurno, Rabah da Goronyo. Tarihinsu ba baƙo ba ne a kunnenku. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake. Rabah mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce. Goronyo kuwa ga madatsar ruwa a kan gulbin Rima, wadda aka gama ginawa a 1984, mai iya riƙe ruwa mita kubik miliyan 942. Wannan ruwan, da na Lugu kusa da Wurno, su suka sa rani a wannan yanki lokacin aiki ne: albasa, tafarnuwa, tattasai, shinkafar rani. Duk abin da fadama ta haifa kuwa, sai an sami mai fitar da shi zuwa bakin kwalta, zuwa Achida ranar Laraba ko Goronyo ranar Lahadi. Mai fitar da shi ita ce a-kori-kura.

Sunan nan ya daɗe yana ba ni sha'awa. Masu bin asalin kalmomi suna cewa kurar da ake nufi ba ta daji ba ce, kurar turawa ce, wato amalanke. Motar ta zo ta kore ta daga kasuwa, sai aka laƙaba mata suna. To amma da hunturu sai ka matse harshe kaɗan, ka ce a kori ƙura, domin daga Nuwamba zuwa Fabrairu faɗan da motar nan take yi ke nan. Kura ta koru. Ƙura kuwa har yau ana fama.

Galibin waɗannan motoci, tun daga tsofaffin Peugeot 404 da 504 da kamfanin Kaduna ya riƙa harhaɗawa bayan buɗe shi a 1975, har zuwa Hilux ɗin da ba ta da giyar taimako, da ƙafar baya suke ja. Inji yana gaba, ƙarfinsa yana bi ta furofela ya isa aksil na baya, tayoyin baya su tura. Ku riƙe wannan da kyau: inji a gaba, ja a baya. Nauyi a gaba, aiki a baya. Duk wahalar da za mu yi magana a kai daga nan ta taso.

Wata asubar Janairu na bi wani dattijon direba daga Wurno za mu shiga fadama ɗauko albasa. Sanyi ana muku-muku, yaron motarsa ya naɗe kai da rawani, ido kawai ake gani. Kafin mu tashi sai na ga yaron yana cika buhunan taki guda uku da yashi, yana jibga su a bodi. Ban iya yin shiru ba.

Na ce, "Baba, yashi za mu kai fadama? Ai can ma ya yi musu yawa."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, wagga mota in babu kaya bisanta, ƙugunta ba shi da nauyi. Ka taɓa ganin jaki ya yi ja da ƙafafun baya a sama?"

Sai ya juya ga yaron. "Kai, matso da su gaba, bisa aksil. Sau nawa zan gaya maka?"

"To, maigida."

Bayan kamar rabin awa muka sauka daga burji muka shiga wani busasshen rafi. Muka iske wata a-kori-kura ta kafe, wayam babu kaya. Direbanta matashi, yana ta ba ta wuta. Taya ɗaya na baya tana ta wulwulawa tana feshin yashi, ɗayar kuwa ko motsi ba ta yi, motar na ƙara nutsewa har aksil ya kusa zama a ƙasa. Baba ya sa giya ta biyu, ya taka a hankali, muka ratsa ta gefensa kamar a kan tabarma. Da muka haye ya tsaya, ya leƙo ta taga ya ce, "Ɗana, ɗaga ƙafarka, kabari kake gina mata." Aka sauko da shebur, aka sassabe yashin gaban tayoyi, aka shimfiɗa karan dawa, aka ce samari huɗu su hau bodi su tsaya daidai kan tayoyin. Ba turi suka yi ba, hawa kawai suka yi. Motar ta fito.

Me ya sa taya ɗaya ke juyawa ɗaya na kallo? A tsakiyar aksil akwai wannan ƙullutun ƙarfe mai kama da tulu. Aikin haƙoran cikinsa shi ne su bar tayar waje ta fi ta ciki gudu idan an sha kwana. Dabara ce mai kyau a kan kwalta. A yashi kuwa sai ta zama masifa, domin tayar da ta rasa abin takawa ita ke ta juyawa, wadda ke da ƙasa mai ƙarfi a ƙarƙashinta ba ta samun ƙarfin da ya wuce na 'yar'uwarta. Maganin shi ne a danne su duka biyu su ciji ƙasa. Nauyi ke nan.

Abin da ya ƙara ba ni mamaki, daga baya na gano cewa dabarar Baba ita ce dai dabarar mutanen Kanada da arewacin Amurka, inda ƙanƙara ke rufe hanya wata da watanni. Da zarar sanyinsu ya kama, mai irin wannan mota yakan je kanti ya sayi yashi. Ku ji fa, ya sayi yashi, da kuɗinsa, an ɗura a dogayen buhuna, ya shimfiɗa a bodi daidai kan aksil. Idan ya kafe a ƙanƙara ya farke buhu ɗaya ya barbaɗa a ƙarƙashin taya. Da na gaya wa Baba, cewa ya yi, "Su zo Rima mu cika musu tirela kyauta." Su santsi ke damunsu, mu laushi, amma ciwon motar ɗaya ne.

Sai dai a yi shi da ƙa'ida. Buhu biyu zuwa uku, kilo 100 zuwa 150, sun isa. A ajiye su bisa aksil ko ɗan gaba da shi. Kada a kai su can bakin ƙofar bodi, domin nauyin da ke bayan aksil ɗaga hancin mota yake yi, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannu. A ɗaure su, kada birki ɗaya ya wurgo su bayan kan direba. Na maimaita saboda mai shigowa yanzu: bisa aksil, ko ɗan gaba, kuma a ɗaure.

Sai iskar taya. Kafin a shiga yashi mai zurfi da mota marar kaya, a sassauta iska, daga talatin da wani abu a sauko wajen ashirin. Taya sai ta baje, ta taka wuri mai faɗi kamar tafin raƙumi. Amma da an dawo kwalta a nemi mai faci a mayar, musamman in an yi lodi. Taya mai laushi da buhun albasa ashirin a kanta, zafi za ta ɗauka ta fashe. Kuma a auna iska da safe kafin mota ta yi tafiya. Sanyin dare kaɗai yakan rage awo ɗaya zuwa biyu, ba wani ne ya sace ba.

Yanzu ƙura. Nan zan ɗan daɗe, ku yi haƙuri da ni, domin labarinta ya fi ƙarfin a wuce shi da gudu.

Farin hazon nan da ke sa ka tsaya a Marnona ka kasa hango bishiyar da ke gabanka, mafi yawansa ba na gonakinmu ba ne. Daga arewacin Chadi yake tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele. Shekaru dubbai da suka wuce wurin gindin wani babban tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne. Ruwan ya ƙafe ya bar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ido ba ya gani, tuli a kan tuli, fari fat, marar nauyi kamar garin alkama. Iskar arewa maso gabas tana matsuwa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, kamar ruwa a bakin mazurari, sai ta fito da ƙarfi ta kwashe garin nan ta yi sama da shi. Wani ya sauka a kanmu. Wani ya haye tekun Atlantika har dajin Amazon a Kudancin Amurka, inda masana suka ce taki yake zama wa itatuwa. Wato abin da ke ciyar da daji a Barazil shi ke kashe zoben fistin a Shinaka.

Domin ɓawon nan dangin gilashi ne. A yatsa laushi gare shi, a cikin inji kuwa sanfefa ne. Inji na shaƙar iska ninkin-ba-ninkin man da yake sha, lita dubbai a kan kowace lita ɗaya ta fetur, kuma duk ta iyakilina take bi. Idan ta toshe, mota ta shaƙe, ta yi baƙin hayaƙi, ta sha mai, ta kasa hawa tudu. Idan ta yage kuwa, abin ya fi muni, domin ba za ka ji komai ba sai bayan wata uku inji ya fara shan baƙin mai.

A nan ina da ja da wasu kanikawanmu, Allah ya bar zumunci. Ka kai mota, a ciro iyakilina ta takarda, a buga ta da taya bam-bam, a sa bututun mai faci a hure ta da ƙarfi, ƙura ta tashi, kowa ya ji daɗi an yi aiki. Ɗauke ta ka ɗaga a rana ka leƙa ta ciki. In ka ga haske na ɓullowa ta wasu 'yan ƙofofi kamar allura, ta gama. In dole sai an hure, a hure a hankali, daga ciki zuwa waje. Wanda kuma motarsa ke da tsohuwar iyakilina mai tasar mai a ƙasa, kada ya raina ta. Don irin ƙasarmu aka yi ta. A zubar da taɓon, a wanke, a zuba mai sabo daidai layi, kowane mako in hazo ya yi yawa.

Mai kula da na'ura ya fara nuna mini agogo, to bari mu ɗan ɗaga ƙafa.

Batir. Kowa na zagin sanyi, alhali sanyinmu bai cika sauka ƙasa da digiri 12 ko 13 ba. Zafin Afrilu da Mayu, mai haura digiri 40, shi ya ƙone batirin ya shanye ruwansa. Hunturu dai sanarwar rasuwa yake kawowa. A duba ruwan batir tun Oktoba, a kankare farin garin da ke kan sandunansa, a ɗaure wayoyi tamau. Mai motar gas ya tabbata hitocinsa na aiki, ya jira fitilar ta mutu kafin ya murɗa makulli. Masu hura wuta a ƙarƙashin inji don mai ya saki, da masu tsiyaya fetur a kafireto suna leƙawa da fuska, don Allah a bari. Na ga gemun da ya tafi a haka.

Tamostat da ake cirewa a jefar wai yana sa zafi, a mayar da shi. In babu shi, da asubar hunturu inji sai ya kai Achida bai ɗumama ba, kuma inji mai sanyi ya fi cin kansa. Lagireto kuma ba randa ba ce, a daina ɗura mata ruwan gulbi mai laka.

Gilashi: kada a kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, zane za ta bari wanda fitilar mai zuwa za ta haska maka a ido har ka sayar da motar. A watsa ruwa tukuna. A cikin hazo a kunna fitila ko da rana ne, dim, ba ful ba, domin ful bango fari kawai take gina maka. A goge jajayen fitilun baya, su ne ke hana na bayanka shiga bodinka.

Na ƙarshe ba na son faɗinsa, amma ba ya faɗuwa da kansa. Kun san halin da hanyoyin gabashin nan suke ciki, mutanen Goronyo ba su manta harin da aka kai kasuwarsu a Oktoban 2021 ba. Rana na saurin faɗuwa da hunturu, kuma motar da ta mutu a hanyar Gandi bayan la'asar ba maganar kuɗin gyara kaɗai ba ce. Fambel na ajiya, safaya mai iska, jak da katakon da zai zauna a kai, shebur, igiya, jarkar ruwa. A fita da wuri, a dawo da rana a sama.

Af, na manta ban gaya muku ƙarshen buhunan Baba ba. Da muka isa gonar, yaron ya kwance bakinsu ya zazzage yashin a gindin wata giginya, inda na ga tsibin na jiya da na shekaranjiya, ya ninke buhunan ya cusa a bayan kujera. Aka fara lodin albasa.