Dundumin gado da maganin ɗigawa na hawan jinin ido

A garuruwan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, daga Dutsin-Ma har Kurfi, idan yaro ya fara lalube da magariba, tsofaffi kan ce a ba shi hanta. Suna da gaskiya idan ƙarancin bitamin A ne ya kawo dundumin. Sai dai akwai wani dundumin da ko hantar sa guda aka cinye ba ya tafiya, domin gadonsa ake yi, kuma ya fi bayyana a gidajen da auren zumunci ya yi yawa. Likitoci na kiransa retinitis pigmentosa, yana kama kusan mutum ɗaya cikin 4,000 a duniya.

Ciwon kan cinye tantanin gani na bayan ido daga gefe, a hankali, har mutum ya koma kamar mai leƙe ta bututu. Ɗan ganin tsakiya da ya rage shi ne jarinsa: da shi masunci ke ɗinke ragarsa, da shi ake karanta allo, a ƙirga canji a kasuwa. To, wasu masu ciwon sai ruwa ya taru a daidai wannan cibiya, ta kumbura, rubutu ya dushe, fuskar ɗan'uwa ta yi hazo.

Wannan kumburin yana jin magani. A 1988 likitocin asibitin ido na Moorfields da ke Landan suka nuna cewa ƙwayar acetazolamide tana janye ruwan. Amma tana sa yatsu su riƙa tsikari, tana iya haddasa tsakuwar ƙoda, ga masu sikila kuwa haɗari ce, kuma sikila ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Shi ya sa hankali ya koma kan ɗan'uwanta na ɗigawa, dorzolamide, wanda asali don hawan jinin ido aka yi shi. Ana ɗiga shi sau biyu ko uku a rana. Yana ɗan yin zafi, wani kuma ya ji ɗaci a maƙogwaro. Ba kowa yake yi wa aiki ba, kuma ba ya tsayar da dundumin kansa.

A ganina samun kwalbar ba shi ne wahalar ba. Kumburin ba ya ganuwa daga waje, ido garau yake, sai an ɗauki hoton bayansa da na'urar OCT, abin da kan sa mutumin Zobe ya nufi manyan asibitocin ido irin na ECWA a Kano ko Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. Wanda ya tsaya a kemis ya ce "a ba ni na ido" kan tashi da mai sinadarin sitiroyid, wanda yawan ɗiga shi ke jawo hawan jinin ido da yana.

Ko an dace, ruwan kan dawo bayan watanni alhali ana kan ɗigawa. A nan likita kan sa a dakata na ɗan lokaci, a sake ɗaukar hoto, sannan a koma kan maganin.