Ziyara a Makka da Madina: Shin shatar mota da ɗan jagora na biyan kuɗin sabulu?

Da zarar an sallame sallar Asuba a Masallacin Annabi (SAW) da ke Madina, tun kafin alhaji ya kai ƙofar masaukinsa zai fara jin kira daga bakin titi: "Ziyara! Ziyara!" Direbobi ne tsaye a jikin motocinsu, wani na kira da Larabci, wani da Urdu, wani kuma da Hausa tsantsa, domin akwai Hausawan da kakanninsu suka zauna a ƙasar tun zamanin da ake zuwa Hajji a ƙafa.

A nan ne maniyyaci ke tsayawa yana lissafi. Ya jira motar ayari da hukumar alhazai ko kamfanin da ya kawo shi ya tanada, wadda kuɗinta na cikin kuɗin kujera? Ko kuwa ya zaro riyal daga guzurinsa ya ɗauki shatar mota, daga shi sai iyalinsa?

Lissafin ba na wasa ba ne. A aikin Hajjin 2024, dala 500 aka ba alhazan Najeriya a matsayin kuɗin guzuri. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure kuɗinta a kan riyal 3.75 kowace dala, wato guzurin nan riyal 1,875 ke nan. A ciki za a ci ƙarin abinci, a sayi magani, a yi tsarabar ’yan gida. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023 kuwa, duk riyal ɗin da ya fita daga jaka sai mai shi ya ji a jikinsa.

Abin da motar ayari ke bayarwa

Ziyarar ayari a Madina kusan hanya ɗaya take bi. Akan je Masallacin Ƙuba, masallacin farko da aka gina a Musulunci, sai Dutsen Uhud da maƙabartar shahidai, sai Masallacin Ƙiblataini, wani lokaci a biya ta wurin da aka yi yaƙin Khandaƙ. Duk waɗannan wurare suna kusa. Ƙuba bai wuce tafiyar kilomita uku da ɗoriya daga Masallacin Annabi ba, Uhud kuma kimanin kilomita biyar ne ta arewa.

Amfanin motar a fili yake. An riga an biya, akwai malami ko jami'i a ciki, kuma da wuya mutum ya ɓata. Matsalarta ita ce agogo. Mutum arba'in da wani abu ne a mota guda, kowa da saurinsa, ga wasu motocin da yawa sun sauke nasu fasinjojin a lokaci ɗaya.

Na ga haka da idona a wata Umara da na raka mahaifiyata, wadda ke fama da ciwon gwiwa. A Uhud, kafin Hajiya ta sauko daga matakalar mota ta taka zuwa shingen maƙabarta, har an fara kiran a dawo. Ta yi sallama ga shahidai a tsaitsaye muka juya. Amma da muka isa shagon dabino, sai da muka shafe kusan awa guda babu mai cewa a yi sauri. Da dare take ce mini ita fa ba ta ji ta je Uhud ba.

Washegari na ɗauki shatar ƙaramar mota, ina ganin na magance matsalar. Direban mutumin kirki ne, ya jira mu ba tare da ƙorafi ba, har ya nemo wa Hajiya inuwa. Sai dai da ta tambaye shi ina maharba suka tsaya ranar yaƙin, hannu kawai ya ɗaga ya nuna babban dutsen, alhali ba nan ba ne. A ranar na gane cewa kuɗin mota daban, kuɗin sani daban, kuma yawancin masu kiran "ziyara" mota kaɗai suke sayarwa.

Direba da ɗan jagora

Uhud ɗin kansa ya isa misali. Wanda ya je babu mai yi masa bayani zai ga wani dogon dutse ja, da fili mai shinge, da wani ƙaramin tudu da jama'a ke hawa suna ɗaukar hoto. Wasu har sukan ɗauka tudun ne Uhud.

Wanda ya tafi da masani kuwa zai ji cewa wannan tudu shi ne Jabalur Rumat, inda Manzon Allah (SAW) ya ajiye maharba 50 ƙarƙashin Abdullahi bin Jubair a watan Shawwal na shekara ta 3 bayan Hijira, ya umarce su kada su bar wurin. Zai nuna masa ta inda Khalid bin Walid, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zagayo da dawakai bayan da yawancin maharban suka sauka. Zai nuna masa inda Sayyidina Hamza yake kwance tare da sauran shahidai kimanin 70. Minti ashirin na irin wannan bayani, a tsaye a kan ƙasar da abin ya faru, ya fi yawon awa uku ana leƙe ta taga.

Akwai kuma ɗaya gefen. Direban da bai sani ba, amma yana son fasinja ya ga kuɗinsa bai tafi a banza ba, yakan cike gurbin da tatsuniya. Sanannen misali shi ne Wadil Baida, wani kwari da ke bayan garin Madina wanda ake tallata shi da sunan "Kwarin Aljanu". Direba zai cire giya, mota ta riƙa gudu da kanta kamar tana hawa tudu, a ce wa baƙo aljanu ne ke turawa. Gaskiyar magana hanyar gangare ce, yanayin duwatsun da ke kewaye ne ke yaudarar ido, kuma akwai irin wuraren nan a ƙasashe da dama. Wurin ba ya cikin wuraren da aka kwaɗaitar da ziyarta, amma ana karɓar kuɗi na musamman a kansa.

Haka a Arfa, ana yawan nuna farin ginshiƙin da ke kan Jabalur Rahma a ce nan Annabi Adamu da Hauwa'u suka haɗu, maganar da malamai da yawa suka ce ba ta da ingantaccen tushe. Hukumomin Saudiyya sun kafa alluna da harsuna daban-daban a irin waɗannan wurare suna jan kunne kan shafar duwatsu da ɗibar ƙasa don neman tabarraki. Wanda ya biya kuɗi aka koya masa abin da ba haka yake ba, ya yi asara biyu.

Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta Saudiyya ce ke ba ’yan jagora lasisi, don haka ba laifi ba ne baƙo ya nemi a nuna masa kati. Alhazan Najeriya suna da wata dama ta daban: malaman da ke cikin tawagar jiha, da ɗaliban ƙasarmu da ke karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a 1961. Da yawansu sun san Sira, sun san garin, kuma da Hausa za su yi bayani.

Inda shata ke da riba

Na farko, idan akwai tsoho, ko mara lafiya, ko mai keken guragu, ko ƙananan yara a cikin tafiyar. Zafin Hijaz ba abin gwaji ba ne. A Hajjin 2024 ma'aunin zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka shiga ba da izini ba, suka yi doguwar tafiya a rana babu mota babu inuwa. Motar da za ta ɗauki dattijo daga ƙofar otal bayan Asuba ta dawo da shi kafin rana ta take, kuɗinta kuɗin lafiya ne.

Na biyu, wurare masu nisa da motar ayari ba ta cika zuwa ba. Badar, inda aka yi yaƙin ranar 17 ga Ramadan shekara ta 2 bayan Hijira, tana da nisan kusan kilomita 150 daga Madina. Ɗa'ifa tana kimanin kilomita 90 daga Makka, a kan tsaunuka masu sanyi, kuma a can Masallacin Abdullahi bin Abbas yake. Irin wannan tafiya ta wuni ce, ana bukatar direban da ya san hanya kuma zai jira.

Sai dai a nan akwai sharaɗin biza. Bizar Hajji ta taƙaita ne ga Makka da Madina da Jidda, saɓanin bizar Umara da aka faɗaɗa ta yadda mai ita zai iya zuwa sauran biranen ƙasar. Direban da ya ce wa alhaji "babu komai" ba shi zai amsa tambayoyi a shingen bincike ba.

Na uku, idan za a haɗa kuɗi. Shata kuɗin mota ake biya, ba na kai ba. A ce an yi ciniki a kan riyal 240 don zagayen safiya. Mutum biyu, kowa ya ba da 120. Mutum shida a babbar mota, kowa 40. Dangi ko ’yan ɗaki guda da suka haɗa kai za su iya ƙara ɗan abin da za a ba malami, su fita da sauƙi fiye da wanda ya shiga shi kaɗai.

Inda asara ce kawai

Wasu wuraren ba sa bukatar mota ko kaɗan. Maƙabartar Baƙi'a tana jikin harabar Masallacin Annabi. Tsakanin masallacin da Ƙuba akwai titin da aka gyara don masu tafiya a ƙasa, kuma ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) yakan je Ƙuba ranar Asabar, wani lokaci a ƙafa, wani lokaci a kan abin hawa. Mai ƙoshin lafiya zai taka cikin ƙasa da awa guda da sanyin safiya.

Shiga Rauda kuma ta manhajar Nusuk ake neman izini, kuma kyauta ne. Duk wanda ya cusa "kuɗin Rauda" a cikin cinikin ziyara yana sayar da abin da ba nasa ba.

A Makka, mota komai tsadarta a gindin Jabalun Nur za ta tsaya. Zuwa Kogon Hira sai an hau da ƙafa, tafiyar da kan ɗauki awa guda ko fiye. Wanda gwiwarsa ba za ta iya ba, zai fi amfana da wurin baje kolin tarihin wahayi da aka buɗe a gindin dutsen, maimakon biyan direba ya zauna jiransa.

Tsakanin biranen biyu ma shata ba ita ce mafi sauri ba. Jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018 yana cin kilomita 450 cikin awa biyu da ’yan mintuna, tafiyar da mota ke yi a awa huɗu zuwa biyar. A cikin gari akwai motocin bas na gwamnati, ga kuma Uber da Careem, waɗanda ke nuna farashi tun kafin a shiga. Ko da mutum bai yi niyyar amfani da su ba, duba farashinsu na ba shi ƙafar tsayawa wajen ciniki.

Kafin a rufe ƙofar mota

Yawancin rigimar da ake yi da direbobi daga rashin gama magana take tasowa. A faɗi wuraren da za a je ɗaya bayan ɗaya, a yanke tsawon lokacin da za a tsaya a kowane wuri, a tabbatar kuɗin na mota ne gaba ɗaya ba na kowane fasinja ba, sannan a biya bayan an dawo. Wanda ba ya son a kai shi shagon dabino ko na turare ya faɗa tun farko. A kuma sani cewa kabu-kabu da motar gida ba tare da lasisi ba laifi ne a Saudiyya, ana cin tara ana kama mota, kuma idan aka tsayar da ita a hanya fasinja ne zai rasa ranarsa.

Akwai kuma abin da malamai ke ta nanatawa a wuraren bita: ziyarar waɗannan wurare ba ta cikin rukunan Hajji ko Umara. Wanda bai je Badar ko Ɗa'ifa ba, ibadarsa ba ta ragu da komai ba. Kwanakin da alhazan Najeriya ke yi a Madina yanzu ba su kai takwas ɗin da aka saba a da ba, don haka duk awar da aka kashe a kan titi, daga lokacin zama a masallaci aka cire ta.

Mu dai a rana ta uku mun koma Uhud. Mun haɗa kuɗi da wasu mata biyu ’yan masaukinmu, muka roƙi wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ya raka mu. Wuri ɗaya kawai muka je. Hajiya ta zauna a kan kujerar roba a gindin tudun maharba, yana yi mata bayani tana tambaya, har rana ta fara zafi. Abin da kowannenmu ya kashe bai kai rabin na jiya ba. Dabinon tsaraba kuwa, a kasuwa muka saya da yamma, bayan mun zagaya shaguna uku mun ji farashi.