Kafofin Sada Zumunta da Yaɗa Binciken Tiyatar Zuciya

Gabatarwa

Hausawa kan ce, da rashin kira karen bebe ya ɓata. Haka abin yake ga binciken ilimi, domin kuwa a kowace shekara ana buga dubban maƙalu a kan aikin likita, amma da yawa daga cikinsu ba sa isa ga likitocin da aka rubuta dominsu. A fannin tiyatar zuciya wannan ba ƙaramar asara ba ce, saboda sabuwar dabarar da likita bai ji labarinta ba tana iya zama ita ce za ta ceci ran majinyacinsa. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda wasu likitoci suka nemi magance matsalar ta hanyar kafofin sada zumunta.

Kafuwar Ƙungiyar

A shekarar 2015 ne wasu manyan mujallu biyu na Amurka, wato The Annals of Thoracic Surgery da The Journal of Thoracic and Cardiovascular Surgery, suka haɗa kai aka kafa wata ƙungiya da ake kira TSSMN a taƙaice. Wakilanta likitoci ne, kuma aikinsu shi ne su ɗauki maƙalar da aka buga, su taƙaita saƙonta, su watsa a dandalin Twitter, wanda aka sauya wa suna zuwa X a 2023. Bugu da ƙari, sukan shirya zaman tattaunawa a dandalin, inda marubucin maƙala kan amsa tambayoyin abokan aikinsa da ɗalibai daga ƙasashe daban-daban.

Gwajin da Aka Yi

Don a tabbatar da amfanin wannan aiki, sai ƙungiyar ta ɗauki maƙalu 112 ta raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Aka tallata kashi ɗaya, aka ƙyale ɗayan. Bayan shekara guda, aka tarar cewa a matsakaicin lissafi, kowace maƙalar da aka tallata ta sami ƙarin ambato kimanin sau uku a rubuce-rubucen wasu masana, alhali wadda aka ƙyale ba ta kai ko sau ɗaya ba. An buga wannan sakamako a 2021.

Sai dai kuma mujallar Circulation ta riga ta yi irin wannan gwaji da maƙalu 243, ta buga sakamakon a 2015, ba ta kuwa ga wani bambanci ba a yawan masu buɗe maƙalun cikin kwana 30. Abin lura a nan shi ne, a wancan gwaji shafin mujallar ne ya yi shelar, a na TSSMN kuwa likitoci ne suka yi ta da bakinsu, ga mutanen da suka san su.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa shela kaɗai ba ta wadatarwa, sai an dubi wanda ya yi ta da kuma waɗanda ya yi wa. Har ila yau, wajibi ne likita ya kiyaye sirrin majinyaci a cikin duk abin da zai watsa, ya kuma ja mai karatu zuwa ga cikakkiyar maƙalar, domin ba a yanke hukuncin yi wa mutum tiyata da taƙaitaccen saƙo.