Allurar ragon turka: daga ƙasar Japan zuwa kasuwannin dabbobinmu

Duk mace mai turka rago don sallar layya ta san allurar tsutsar ciki da ƙazuwa, wadda ake kira Ivomec. Amma mutum nawa suka san cewa asalinta ƙwayar halitta ce mai zama cikin ƙasa, wadda ido ba ya gani?

A shekarun 1970 wani masani ɗan Japan, Satoshi Omura, ya ɗebo ƙasa a yankin Shizuwoka, ya tarar da wata bakteriya a ciki. Kamfanin Merck na Amurka ya gano tana fitar da sinadarin da ke kashe tsutsa. Daga shi aka yi ibamektin, ya shiga kasuwa a 1981.

Yaya bakteriya ke haɗa magani? Tana da wasu sinadarai da ake kira anzim, su ne ƴan ƙwadagonta. Kamar magina suke: wannan ya kawo tubalin farko, sauran su yi ta ɗorawa. Masanan kamfanin Pfizer suka samu irin bakteriyar da mai kawo tubalin farkon nata ya daina aiki, suka riƙa ba ta wani tubali daban. Maginan ba su ƙi ba, suka ɗora a kansa. Sai ga sabon magani wanda babu shi a daji ko a ƙasa, doramektin, da ake sayarwa da sunan Dectomax. Ya fi na farko daɗewa a jikin saniya.

Amfanin wannan bakteriya bai tsaya ga dabba ba. Tun 1987 Merck ke ba da ibamektin kyauta don yaƙi da makantar bakin kogi. A 2025 hukumar lafiya ta duniya OMS ta tabbatar Nijar ce ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar.

Sai dai a kula. In ana rage awo don tsimi, ko ana sayen jabu da ya sha rana a tebur, tsutsa kan saba da maganin har ya daina cin ta. Samo sabo kuwa aikin shekaru ne. Ki nemi likitan dabbobi, ya ba da awo daidai nauyin ragon, ya faɗa miki kwanakin da za a jira kafin yanka ko shan nono. Araha ba ta ado, balle a kan jarin shekara guda.