Maganin Kare Bayan Ido: Abin Da Ya Kamata Mu Sani

'Yan'uwa, a cikin ikilisiyoyinmu na ƙasar Jibia muna yawan jin dattawa suna cewa gani ya ragu, wai tsufa ne. Wani lokaci tsufan ne, amma sau da yawa ciwo ne mai magani. A wannan fitowa muna so mu yi bayani a kan ciwon bayan ido da magungunansa.

Mene ne bayan ido?

A can cikin ƙwayar ido, ta baya, akwai wata 'yar siririyar shimfiɗa da likitoci ke kira retina. Ita ce ke karɓar haske ta aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ta jijiyar ido. Ciwonta daban yake da yanar ido. Yana tana gaba ne, idan an yi aiki an cire ta mutum yakan sake gani. Amma wurin da ya mutu a shimfiɗar baya ba ya farfaɗowa. Shi ya sa aikin magani shi ne tsare abin da ya rage.

Me ke lalata ta?

Na farko ciwon suga. Idan suga ya daɗe da yawa a jini, ƙananan hanyoyin jini na bayan ido sukan yi rauni, su riƙa yoyon ruwa ko jini, wurin ya kumbura. Hawan jini yana ƙara wa wutar itace. Tsufa ma yakan cinye tsakiyar shimfiɗar, mutum ya ga gefe amma ya kasa gane fuska ko karanta Littafi. Masu sikila su ma suna cikin haɗari. Abin tsoron shi ne babu zafi. Ido yana nan fari tas, ɓarna kuwa tana ci a ciki.

Magungunan da ake da su

Allurar ido. A 2004 aka amince da wani magani mai suna Avastin a Amurka domin ciwon daji na hanji. A 2005 likitocin ido suka gano cewa ɗan ɗigo kaɗan daga cikinsa, idan aka sa shi cikin ido, yana tsayar da yoyon da tsirowar miyagun hanyoyin jini. Lucentis ya biyo baya a 2006, Eylea kuma a 2011. Avastin ya fi su araha nesa, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna domin ido. Ana ɗiga maganin kashe zafi kafin a yi allurar. Sau ɗaya ba ya isa. Da fari akan yi ta wata wata, daga baya likita ya duba ko za a ba da tazara. Wani lokaci akan haɗa da aikin haske da ake kira leza.

Maganin suga da na hawan jini. Kada mu raina waɗannan ƙwayoyi. Wanda ke shansu kullum yadda aka gaya masa, yana kuma kula da abincinsa, yana kare idonsa da kuɗi kaɗan. Rigakafi ya fi magani.

Maganin ɗigawa na hawan jinin ido. Wannan ciwo, wato gilakoma, jijiyar ido yake ci. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna shi ne na biyu wajen jawo makanta, bayan yanar ido. Maganin ɗigawa irin su timolol yana rage matsin cikin ido. Ba ya ƙara gani, don haka wasu sukan daina. Kuskure ne babba, domin yawanci magani ne na har abada.

Bitamin A. Shimfiɗar bayan ido tana buƙatarsa don gani da dare. Rashinsa ke kawo dundumi ga yara. Ana ba yara daga wata 6 zuwa shekara 5 ƙwayarsa kowane wata shida a wurin rigakafi. Man ja, zogale, hanta, ƙwai, mangwaro da gwanda duk suna da shi. Mai juna biyu kada ta sha ƙwayar yara mai ƙarfi.

Hattara da maganin kasuwa

Garinmu bakin iyaka ne. Kaya suna shige da fice ta Magama zuwa Ɗan Isa da Maraɗi, magani ma haka, na kirki da jabu. Allurar ido ba ta ɗan kemis ba ce, ba kuma ta mai talla a kan babur ba. Idan ba a yi ta da tsabtar asibiti ba, ƙwayar cuta za ta iya kashe idon cikin 'yan kwanaki. Wasu magungunan ɗigawa na jan ido da ƙaiƙayi suna da sinadarin da, idan an daɗe ana ɗigawa ba da sanin likita ba, yake jawo hawan jinin ido ko yana. Kada a ɗiga ruwan ganye, fitsari ko nono a ido. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kowane kwali.

Abin da za mu yi

1. Duk wanda aka ce yana da ciwon suga ya je a duba bayan idonsa nan da nan, sa'an nan sau ɗaya kowace shekara, ko da yana gani sarai.
2. Wanda ya haura shekara 40, ko akwai gilakoma a danginsu, ya je a auna matsin idonsa.
3. Idan layi miƙaƙƙe ya zama karkatacce, ko baƙaƙen ɗigo suka cika ido farat ɗaya, ko wani abu kamar labule ya rufe gefe, kada a jira ƙarshen girbi. A tafi a ranar.
4. A fara daga asibitin Jibia ko sashen ido a Katsina. Idan aikin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum gaba, kamar Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko Asibitin Ido na ECWA a Kano.
5. A tafi da ɗan rakiya, domin maganin buɗe ido da ake ɗigawa kafin dubawa yakan sa gani dishi-dishi na 'yan awoyi.

Mun san kuɗin mota da na allura suna da nauyi ga manomi. Muna roƙon dattawan ikilisiya da zumuntar mata su san masu ciwon suga da ke cikinsu, su tuna masu ranar komawa asibiti, su kuma yi karo-karo idan buƙata ta taso. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan shafi bayan sujada.