Firigon Gas da Firigon Lantarki: Gargaɗi ga Jama'ar Damagaram

Tun sa'ad da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agusta na 2023, har layin da ke fitowa daga Katsina ya biyo ta Gazawa zuwa Maraɗi da Zinder ya tsaya cik, mas'alar sanyaya abinci ba tare da jiran wutar kamfanin lantarki na NIGELEC ba ta zama abin da ke damun mai sayar da zoɓo a Kasuwar Dole kamar yadda take damun magidanci a Birni ko Zango. Firigon da ke biyan wannan bukata kuwa, wato na gas, daɗaɗɗe ne, domin wasu ɗalibai biyu na ƙasar Suwidin, Baltzar von Platen da Carl Munters, su suka ƙago shi a 1922, kamfanin Electrolux ya soma sayar da shi a 1925, kuma irinsa mai aiki da kananzir ko gas ya daɗe yana adana alluran rigakafi a likitocin karkara kafin zuwan na hasken rana.

Hikimarsa abin al'ajabi ce, gama da zafi yake haifar da sanyi: ƙaramin harshen wuta ke dafa ruwan da aka cuɗa da amoniya a cikin bututai rufaffu, amoniyar ta tashi tururi, ta huce ta koma ruwa, sa'an nan ta gamu da iskar haidurojin ta sake ƙafewa, a wannan ƙafewa ne take zuƙe zafin abin da aka ajiye a ciki. Ba shi da inji, ba ya ƙara. To, wanda ya fahimci haka ya fahimci hukuncin duka, domin idan aka jona wannan firigo ga lantarki, ba abin da wutar ke yi face dumama wani ƙarfe a madadin harshen gas, ta haka yake shan wuta ninkin-ba-ninkin abin da firigon lantarki mai kwamfireso ke sha, alhali sanyin bai kai nasa ba. Direban da ya jona shi ga batirin mota ya kashe inji ya kwana a hanyar Tanut ko ta Gure, da wuya ya wayi gari motarsa ta tashi. Wanda kuma ya saya masa farantan sola, almubazzaranci ya yi.

Saboda haka fa'idarsa tana ga gas, kuma Allah ya yi wa Damagaram ni'ima a nan, tun da matatar SORAZ, wadda aka buɗe a Nuwamba 2011 arewa da birnin, tana fitar da gas ɗin girki. Sai dai ga sharuɗɗa, waɗanda ƙetare su na iya kai ga halaka. Wajibi ne firigon ya zauna daidai bisa ƙasa, ba karkace ba, domin ruwan cikinsa da nauyinsa yake gangarowa, in ya taru gefe guda bututan su toshe, toshewar da ba kasafai take gyaruwa ba. Wajibi ne kuma a bar masa sarari a baya iska ta ratsa, musamman a bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin garin ke haura digiri 40 ƙarfinsa ya ragu ƙwarai. Kuma a kunna shi tun da dare kafin ranar da za a bukace shi, don sanyinsa a hankali yake zuwa.

Mafi girman haɗari shi ne na rai. Harshen wutar lafiyayye shuɗi ne; idan ya koma rawaya, sau da yawa ƙura ce ta cushe bakin murhun, daga nan yake fitar da wata iska mai guba marar launi marar wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri, ta kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko cikin mota rufaffiya, balle a darare masu sanyi da ake toshe kowace kafa. Shi kansa gas ɗin ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwantawa. A gwada tiyo da mahaɗarsa da kumfar sabulu, ba da ashana ba, a kuma kashe wutar kafin a shiga gidan mai.

A ganina, mazaunin birni da duk mai halin kafa sola, firigo mai kwamfireso ne maslaharsa, shi ya sa ma ma'aikatan lafiya suka karkata ga na hasken rana don riƙe allurai tsakanin digiri 2 da 8. Na gas kuwa na lalura ne, ga mazaunin ƙauye da matafiyi. Ya kai mai karatu, in kana da shi a gida, ka duba launin wutarsa yau, ka fitar da shi daga inda iyalinka ke kwana.