Burtaniya: Ganawar da ke yanke hukunci kan kuɗin tallafin marasa ƙarfi

Ga wanda ya nemi kuɗin tallafin gwamnati a Burtaniya, cika takardar nema somin-taɓi ne kawai. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da aka kira shi ofishin Jobcentre Plus domin ganawa da jami'i, saboda abin da ya faɗa a nan, da wanda ya manta bai faɗa ba, su ne za su nuna ko zai iya biyan kuɗin haya a ƙarshen wata.

A shekarar 1988 ne gwamnatin Margaret Thatcher ta ɓullo da tallafin Income Support domin masu ƙaramin ƙarfi. A 1996 aka ware marasa aikin yi aka ba su nasu tsarin, aka bar wa Income Support irin su iyaye masu renon 'ya'ya su kaɗai da masu jinyar 'yan uwa. A zamanin Tony Blair aka tilasta wa akasarinsu halartar ganawa kan batun komawa bakin aiki. Daga 2013 kuwa aka fara shigo da Universal Credit, wanda ya haɗe tallafi iri 6 wuri guda, kuma a ƙarƙashinsa ne sababbin masu nema ke shigar da buƙatarsu a yanzu.

Sunan ya sauya, amma ganawar tana nan. Akan buƙaci mutum ya zo da shaidar ko shi wane ne, kamar fasfo, da takardar yarjejeniyar haya, da bayanan asusunsa na banki. Daga nan sai jami'in ya tsara masa alkawarin da zai amince da shi, wanda ya ƙunshi irin ƙoƙarin da zai yi na neman aiki gwargwadon lafiyarsa da shekarun 'ya'yansa. Kuɗin farko yakan ɗauki kimanin mako 5 kafin ya fito. Wanda ya matsu yana iya neman a ba shi wani abu kafin lokacin, sai dai rance ne da za a riƙa cirewa.

Tambayar dukiya ita ce mafi nauyi ga baƙi, ciki har da Hausawan Najeriya da Gana mazauna Landan da Manchester, waɗanda suka taso da al'adar rufin asiri. A dokar, wanda ajiyarsa ta haura fam 16,000 bai cancanta ba, kuma daga fam 6,000 zuwa sama ana rage abin da ake ba shi. Dukiyar da ke ƙasar waje ma tana cikin lissafi, don haka fili a Kano ko gidan gado a Kumasi abubuwa ne da dole a bayyana su, ko da ba sa kawo ko sisin kwabo. Haka nan miji da mata da ke zaune gida ɗaya tare ake lissafa su, ko da a masallaci kawai aka ɗaura auren.

Akwai kuma batun izinin zama. Tun 1994 ake gwada mai nema domin tabbatar da cewa lallai Burtaniya ce mazauninsa. Ɗalibai da akasarin masu bizar aiki kuwa, an gindaya musu sharaɗin kada su taɓa kuɗin jama'a. Irinsu, neman tallafin na iya jefa izinin zamansu cikin haɗari.

Tafiya gida ma da ƙa'idarta. Mai karɓar Universal Credit yana iya barin ƙasar har tsawon wata 1 ba tare da an tsayar da kuɗinsa ba, muddin ya sanar da ofis kuma ya ci gaba da cika alkawarin da ya ɗauka. Idan rasuwar makusanci ce, ana iya ƙara masa wani watan.

To, wanda ya ƙi halartar ganawa ba da ƙwaƙƙwaran dalili ba fa? Idan ta farko ce, ana iya rufe buƙatarsa baki ɗaya, idan kuma ta baya ce, ana iya yanke masa kuɗi. Bayanin da aka bayar ba daidai ba bisa sakaci yana iya jawo tarar fam 50 tare da mayar da rarar da aka karɓa, ƙarya da gangan kuwa takan kai mutum kotu.

Sai dai shi ma mai nema yana da nasa haƙƙin. Yana iya neman tafinta idan Turancinsa bai nuna ba, yana iya zuwa da ɗan rakiya, kuma ƙungiyar Citizens Advice tana ba da shawara kyauta. Idan hukuncin bai yi masa daɗi ba, yana da wata 1 ya nemi a sake dubawa, kafin ya ɗaukaka ƙara gaban kotu mai zaman kanta.